Gefen Hoton da Na Yanke wa Baba Agali

Har yau ranar da na tsaya gaban telen Baba Agali ba ta fita daga raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yawan tambayata me ya sa ba na yarda a rufe ƙorafi daga kan kujera, har na ji wasunku suna ce mini tsoho mai son yawon rana. To ga dalilin, ku ji shi sau ɗaya ku huta da gulmata.

A lokacin ina aiki a Arlit, a sashen tele na wani kamfanin haƙar uraniyom. Kamfanin ya gina wa ma'aikatansa unguwanni, muna ce musu site, kuma kowane gida an ja masa waya daga ɗaki guda inda na'urorinmu suke. Manyan parabol, wato farantan kamo tauraron ɗan Adam, a bayan ɗakin suna kamo tashoshi, mu kuma mu tura su cikin waya zuwa gidaje. Ban da tashoshin waje muna da tamu ta cikin gida, wadda ba ta nuna komai sai shafukan sanarwa: ranar da za a ɗauke ruwa, rasuwa, suna, motar da za ta tafi Agadas. Mu huɗu ne a sashen lokacin da na fara, shef ɗaya, wato shugabanmu, teknisiyan biyu da mai jan waya. Da aka rufe ramin ƙarƙashin ƙasa aka sallami mutane, sai aka yi ta zare mu ɗaya bayan ɗaya. Shef ya koma Yamai yana ba da umarni ta waya, na rage ni kaɗai da na'urori da ƙarar fanka. Iyalina ma na mayar da su Damagaram saboda karatun yara. Akwai ranakun da in ban da gaisuwar masallaci ba na buɗe baki da kowa.

Bari in bayyana wani abu saboda waɗanda ba ƴan sana'a ba. Hoton tele na da kusan murabba'i ne, faɗi huɗu tsayi uku. Hoton zamani, wanda muke kira ash-de, ya fi shi faɗi nesa, goma sha shida bisa tara. Unguwar manya, injiniyoyi da shugabanni, an sa musu sabuwar waya da faffaɗan tele tun da wuri. Unguwar leburori kuwa tsohuwar waya ce, da tsofaffin tele masu doro a baya. Saboda haka akwai wani akwati a ɗakinmu da ke karɓar faffaɗan hoto ya mayar da shi daidai tsohuwar tele. Kamar a ba ka tabarmar da ta fi ɗakinka faɗi ne. Ko ka matse hoton, mutane su fito dogaye sirara kamar sun kwana uku ba su ci ba. Ko ka rage shi duka ya shiga, baƙin layi ya fito sama da ƙasa. Ko kuma ka yanke gefe biyu, tsakiyar ta cika gilashi. Ƙa'idar aiki ta ce a bar baƙin layin, domin ita kaɗai ce hanyar da ba ta zubar da komai, ba ta kuma ɓata surar mutane.

Ni na karya ƙa'idar, kuma ba wanda ya sa ni dole. Ana cikin gasar ƙwallo ta ƙasashen Afirka, sai ƴan kallo na zauren shaƙatawar leburori suka zo mini a ayari. Suka ce an ba manya hoto cikakke, su kuma an ɗaura wa nasu baƙin rawani sama da ƙasa, ƴan wasa sun koma kamar tururuwa, ba ka gane mai tsaron gida daga alƙalin wasa. Na yi musu bayani har makogwarona ya bushe, suka ce ba lakca suka zo ji ba. Na shiga ciki na danna maɓalli sau uku, na zaɓi yanke gefe. Da na leƙa zauren da yamma aka yi ta tafa mini, wani ya ce a kawo wa injiniya lemo. Na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye ba, don na daɗe ba wanda ya yaba mini da komai. Ban rubuta canjin a littafin aiki ba, gasar ta ƙare, na manta da shi ɗungurungum.

Abin da ban yi tunani a kai ba shi ne akwatin nan bai san ƙwallo ba, bai san sanarwa ba. Duk abin da ya bi tsohuwar waya yanke shi yake yi. Da farko ba a yi asarar komai ba, don shafukan sanarwa a tsakiya ake rubuta su. Daga baya aka kawo wa ofishin kula da ma'aikata sabuwar kwamfuta mai faɗi, sakatariya ta samu fili ta baje kolinta: lambar aiki can ƙarshen hagu, suna a tsakiya, rana can ƙarshen dama.

Ga yadda muke karɓar ƙorafi. Mutum ya zo, ka rubuta sunansa da lambar gidansa da abin da ya ce. Sai ka duba telen sa ido da ke gabanka. In hoto lafiya yake a nan, to matsalar ta gidansa ce, ka rubuta RAS, wato babu abin faɗi, ka rufe. Haka aka koya mini, haka na koya wa wasu. Sai dai telen sa idon nan tana ɗaukar hoto ne kafin ya shiga akwatin yanka. Shekara da shekaru ina kallon wayar a bayan tebur, ban taɓa tambayar kaina daga ina ta taso ba.

Baba Agali mutumin Abzin ne, yana cikin waɗanda suka fara shiga rami tun yana saurayi. Injin fasa dutse ya cinye masa kunne biyu, ba ya jin komai sai an yi ihu a gefen kansa na dama, shi ma rabi-rabi. Bai yi boko ba. Amma lambar aikinsa, wadda ya ɗauka a hular ƙarfe da fitilar rami fiye da shekara talatin, ko daga nesa ya hango ta ya san ta. Matarsa ta rasu, ƴaƴansa maza sun tafi neman zinariya Cibarakaten, ƴarsa tana aure wajen Dannet. An bar shi a gidan kamfani a layin ƙarshe na site, don ba mai neman gidan.

A shekarar, cikin watan Afrilu, aka sanar cewa likitoci za su zo daga nesa su duba ƙirjin tsofaffin ma'aikatan rami. Ba kullum suke zuwa ba, kuma in sun zo ba sa daɗewa. Ana kiran mutane rukuni-rukuni, kowane mako sabon shafi, a karanta sunaye a rediyo, a sa su a tasharmu. Mai kunne ya ji a rediyo, mai karatu ya ga sunansa a tsakiyar gilashi. Baba Agali ba shi da ko ɗaya, maƙwabtan da za su gaya masa kuma kusan duk sun kwashe. Lambar nan kaɗai yake jira, ga shi yana fama da tari tun sanyin da ya wuce.

Ranar wata Litinin da hantsi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ya tako a ƙasa tun daga layin ƙarshe, rawaninsa ya yi fari da ƙura. Ya gaishe ni da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryarsa, ya ce:

"Mai tele, suna akwai, lamba babu. Da lamba yana fito. Yanzu babu."

Na gane abin da yake nufi sarai. Na jira shafin likitoci ya zagayo a telen sa ido, na kama hannunsa na nuna masa: ga lambobi nan reras a hagu. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ya bi su da yatsa daga sama har ƙasa, tasa ba ta cikin rukunin makon. Ya dube ni, ya dubi telen. Na yi masa alama da hannu cewa telensa ce ta tsufa. Ya yi godiya ya tafi. Na rubuta RAS, har na ƙara a raina cewa tsohon kaɗaici ne ya koro shi, yana neman wanda zai yi wa magana. Ni da nake hira da fanka, ni ne nake yi wa wani wannan fassarar.

Bayan mako guda ya dawo. Ya same ni cikin tashin hankali, don telen gidan baƙin kamfani tana ta tsalle, hoto ya buɗe ya tsuke duk lokacin da aka shiga talla, ga manyan baƙi sun sauka. Shef yana kan waya daga Yamai yana zuba mini faɗa. Baba Agali ya tsaya bakin ƙofa yana tari, yana jira in gama. Na rufe bakin wayar da tafin hannu, na matsa gefen kansa na dama na ɗaga murya na ce masa gobe zan zo in duba. Ya ciro wata ƴar takarda daga aljihu, wadda wani ya rubuta masa lambarsa a kai, ya ajiye mini a tebur da hannu biyu. Na tura ta cikin littafi ban ko kalle ta ba. Kujera tana nan ba kowa a kai, telen sa ido tana bayana tana juya shafuka. Da na ce masa zauna ka duba da kanka, da shi ke nan.

Gobe ba ta zo ba. An karɓe motar sashenmu tun bara, zafin Afrilun Arlit kuwa kun san shi, ƙarfen babur ma ba ya taɓuwa da azahar. Na gyara gidan baƙi, shef ya huce, na koma zamana. Kwana goma sha ɗaya ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar nan. Gaskiyar da nake jin kunyar faɗa ita ce ba aikin ne ya tuna mini da shi ba. Kewa ce. Na lura ina ɗaga kai duk lokacin da iska ta motsa ƙofa, sai na gane tsohon nake jira.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na hau babur na nufi layin ƙarshe. Na daɗe ban shiga can ba. Gidaje a jere ba ƙofa ba taga, an ciccire an tafi da su, rairayi ya shiga har tsakar ɗaki. Itatuwan da mata suka raina da ruwan wanke-wanke duk sun bushe a tsaye. Wayarmu tana nan tana bin bango gida-gida, tana shiga ɗakunan da ba kowa. A layin gaba ɗaya gida uku ne da labule.

Na same shi zaune a tabarma, butar shayi a kan gawayi, telen tana kunne a tasharmu ba sauti. Ya rame fiye da yadda na bar shi. Ya yi murna da ganina har ya nemi miƙewa, na riƙe shi. Ya ce bai koma wurina ba don na ce zan zo, kada ya fita mu yi saɓani. Na juya na dubi telen. Hoto ya cika gilashi tam, tsaf, ba ɗigo ba rawa, irin hoton da teknisiyan ke alfahari da shi. Shafin sanarwa ya zagayo. Sunaye a tsakiya. A hagu ba lamba, sai wutsiyar harafi ɗaya da ta tsira. A dama ba rana. A take na san aikin wane ne, na tuna har da lemon da aka ba ni.

Ban sha shayin ba. Na koma ɗakin na'urori a guje, na danna maɓalli sau uku, baƙin layi ya dawo. Gyaran da tsoho ya tako rana sau biyu dominsa bai kai minti ɗaya ba. Sannan na buɗe littafi na ciro takardarsa, na shiga tsofaffin shafukan da ke ajiye a kwamfuta. Lambarsa da sifili take farawa, irin ta mutanen farko, ba ta da wuyar nema. Tana cikin rukuni na biyu. Ta yi kwana bakwai tana fitowa, kuma ranar da ya tsaya bakin ƙofata yana tari tana cikin kwanakin. Ranar ganin likitansa Talatar da ta wuce ce.

Asabar da Lahadi na yi su ban san me na ci ba. Litinin da safe na je wurin Madam Rakiya, shugabar ofishin kula da ma'aikata, mace mai kirki amma ba ta son zagaye-zagaye. Ta ce likitocin sun tafi tun ranar Alhamis da na'urarsu, waɗanda ba su zo ba an rubuta ba su zo ba. Ta ce sun sa a rediyo, sun sa a tele, me kuma ya rage su yi. Na gaya mata abin da na yi tun daga ranar ƙwallo. Ta cire tabarau ta dube ni har na sunkuyar da kai.

"Malam Sani, ba shi kaɗai ba ne bai zo ba daga layukan can," in ji ta. "Na ɗauka sun bar gari ne."

Ta yi alkawarin sa sunansa a gaba in an sake zuwa, amma ta ce ita ma ba ta san yaushe ba, sai an kira ta. Ta buga mini shafin a takarda. Na kira shef na ba shi labari, ya ce, "Ka gyara ai, ko? To mi za ka rubuta? Bar shi nan." Ban bar shi ba. Na soke RAS ɗin da jan biro, na rubuta abin da ya faru da sunana a ƙasa. Ban san ko wani ya taɓa buɗe littafin ya karanta ba.

Saura in gaya wa mai lamba. Na same shi ya matso da tabarmarsa dab da tele, yana ta murna lambobi sun dawo, yana bin su da yatsa yana jiran tasa. Duk hanya ina shirya kalmomi masu laushi, yadda ake gaya wa dattijo magana mai nauyi a hankali. Na manta cewa Baba Agali ba a yi masa magana a hankali. Dole na durƙusa a gefen kunnensa na dama na ɗaga murya iya ƙarfina, na ce an kira shi, ranar ta wuce, likitoci sun tafi, kuma ni ne na yanke hoton. Bai ji ba, na sake. Muryata tana fita ta tagogin da ba ƙyaure tana dawo mini daga gidajen da ba kowa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na miƙa masa takardar. Ya riƙe ta nesa, ya matso da ita, yatsansa ya sauka layi-layi har ya tsaya. Ya daɗe a wurin.

"Lamba ya fito?" ya tambaye ni.

Na gyaɗa kai.

"Kwana nawa?"

Na ɗaga masa yatsu bakwai.

Ya jinjina kai, ya shafa takardar a gwiwarsa don ta miƙe. Ya ce:

"To ba su manta ba. Ni ina cewa sun share ni."

Na shirya wa faɗa, na shirya wa Allah ya isa, ban shirya wa wannan ba. Ashe duk kwanakin nan abin da ya fi tarin cin ransa shi ne tunanin cewa wurin da ya ba kunnuwansa da ƙuruciyarsa ya goge shi daga lissafi. Na yi ƙoƙarin sake nuna masa cewa laifina ne, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya zuba mini shayi. Na ce zan nemi mota in kai shi asibitin Agadas a duba shi. Ya ce a'a, likitocin rami su suka san ƙirjin rami, zai jira su, tunda yanzu ya san yana cikin takarda. Ya roƙe ni in bar masa ita, na bar masa.

Daga nan kowace Juma'a nakan je. Ba ma wata hira, shi ba ya ji, ni kuma ba abin da zan yi wa ihu. Mu sha shayi, mu kalli shafuka suna juyawa, in tashi. Ƴan zauren ƙwallo sun dawo mini da ƙorafin baƙin rawani, wannan karon na ce su kai ni ƙara Yamai. Wajen ƙarshen Yuni na je na tarar da ƙofa a buɗe, ba tabarma ba tele, wayarmu tana lilo a bango. Matar da ke gida na uku ta ce surukinsa ya zo da mota ya tafi da shi Dannet, don tarin ya kai ba ya iya dafa wa kansa. Likitocin ba su sake zuwa ba har aka rufe sashenmu aka mayar da ni nan.

Ban sani ba ko ganin likitan zai canja wani abu a ƙirjinsa, ba ni da ilimin da zan ce e ko a'a. Abin da na sani shi ne damarsa ce, kuma ni na zubar da ita don a tafa mini. Shi ya sa nake gaya muku telen da ke gabanku a ɗakin aiki abin da kuka aika take nuna muku, ba abin da ya isa ba, sai kun je gidan ƙarshe na waya kun tsaya inda mai gidan yake zama. In kun ga hoto ya cika gilashi ya yi kyau, ku tambayi me aka zubar kafin ya cika, don masu surutu tsakiyar hoto suke kallo, wanda abinsa ke gefe kuwa sau da yawa shi kaɗai ne, ba shi da ayarin da zai zo da shi. Kuma duk wanda ya tako rana ya zo ya ce muku ba ya ganin wani abu, ku ba shi kujera kafin ku ba shi amsa.

Na sha tambayar direbobin da ke bin hanyar Dannet, ba wanda ya san shi da wannan sunan. Har yau ban sani ba ko Baba Agali yana da rai, kuma ba ni da wanda zan tambaya.